Gatari a Cikin Gungume

Ruwan gatarin, wato ƙarfen kansa, ya iso shagon a cikin tsohon buhun siminti, haɗe da tarkacen da aka kwaso daga ɗakin wani tsoho a ranar da aka dawo da shi gidan 'yarsa da zama. Mai ƙota ya zazzage buhun a kan benci, ya ware kwaɗo marar makulli da guntayen igiya gefe guda, ya ɗauki ƙarfen ya juya shi a hannu. Tsatsa ta rufe shi ruf, gara kuma ta cinye ƙotar, ta bar ɗan kututture a cikin idon, wato ramin da ƙota ke shiga. Ya rataye shi da waya, ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Ƙarar ta fito siririya, ta daɗe tana kaɗawa kafin ta mutu. Babu tsaga a jikinsa ke nan. Ya so a ce akwai.

Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yakan sayi tsofaffin ruwan gatura a wurin masu tara ƙarafa, ya kankare su, ya gyara musu baki, ya sassaƙa musu sababbin ƙotoci. Shagon nasa ƙunƙuntacce ne, matse tsakanin na mai walda da na mai facin taya, kuma bangonsa na ciki cike yake da ƙarafa a jere a kan ƙusoshi, kowanne yana jiran hannunsa. Yanzu furfura ta cinye masa gemu, idonsa ma sai da tabarau, amma har yau ba a taɓa dawo masa da gatari an ce kan ya fice daga ƙota ba.

Wannan ƙarfen na surukinsa ne, mahaifin matarsa. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana faskare wa gidajen burodi da masu sayar da abinci itace, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai ya ce Mai Faskare. A bara ciwo ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin hagu. Ya yi jinya, ya miƙe, yana takawa da sanda, hannun hagun yana rufuwa amma ba ya damƙa sosai. Likita ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi butar ruwa nauyi, ya kuma faɗi haka ne a gaban 'yar, wadda tsohon ke kira Auta ko da yake ita ma ta fara ganin jikoki.

Wata safiya Mai ƙota ya durƙusa a bakin ɗakin baya yana gaishe shi kamar kullum. Tsohon ya amsa, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Malam, ƙarfena yana wurinka. A sa masa ƙota."

Ya ce to, Baba. Ba shi da wata amsa da zai ba mutumin da ya ba shi 'ya bai nemi komai a wurinsa ba, sai yau.

Auta tana tsakar gida tana wanki, ta ji komai. Ta bari sai da ya kai zaure zai fita, ta biyo shi da kumfa a hannu, ta rage murya. Ta tuna masa abin da likita ya faɗa, ta tuna masa wanda ya yi ta juya tsohon a kan gado watannin da ba ya iya juya kansa, ta ce ta san mahaifinta fiye da kowa: ranar da gatarin nan ya shigo gidan, ranar zai ɗaga shi.

"In ka sa wa ƙarfen nan ƙota, duk abin da ya sami Baba, a wuyanka yake," in ji ta.

Ita ma ya ce mata to.

Daga nan ya shiga jan aiki. Ya tsoma ƙarfen a cikin gwangwanin kananzir, ya ce wa tsohon sai tsatsar ta jiƙu, kuma gaskiya ne, sai dai ya bar shi ciki har tsatsar ta gaji da jiƙa. Da ya fito da shi ya goge da burushin waya, ƙarfen ya fito baƙi ƙirin, mai santsi, da wani ɗan lotsawa a gefen idon inda yatsan mai shi ya saba zama idan ya ɗauko shi ta wuya. Ya huda kututturen da ke ciki ya fitar da shi a ranar, amma ya ce wa tsohon aikin yana buƙatar lallaɓawa. Bayan wannan ya koma kan itace. Ya ce katakon ƙota bai gama bushewa ba, in kuwa aka sa ɗanye zai tsuke daga baya, kan ya riƙa girgiɗi. Wannan ma gaskiya ce. Abin da bai faɗa ba shi ne a saman rufin shagonsa akwai busassun itatuwa da suka shekara suna jira.

Duk abin da ya gaya wa tsohon, in aka ɗauke shi shi kaɗai aka auna, ba za a sami ƙarya a cikinsa ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Yakan tsaya da zarto a hannu ya rasa abin da ya ɗauko shi ya yi. Tsohon kuwa ba ya musu. Yakan saurari uzurin har ƙarshe, ya kaɗa kai, ya ce Allah ya taimaka. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin itace ya san tsawon lokacin da katako ke ɗauka ya bushe.

Mai walda, wanda 'yan layin ke kira Tartsatsi, ya lura da ƙarfen da ke kwance a kan benci ba ya gaba ba ya baya. Da ya ji labarin sai ya ɗaga baƙin gilashinsa kan goshi, ya ce abu mai sauƙi ne, Sarkin ƙota ya kawo masa ƙarfen ya liƙa shi a jikin bututun ruwa ya ɗura siminti a ciki, in tsohon ya iya ɗaga shi to lallai ya warke, a sallami likita. In kuma wannan bai yi ba, zai iya liƙa shi a ƙofar gida ya zama ado, baƙi su riƙa rataye hula. Mai facin taya ya yi dariya har ya saki tiyo. Mai ƙota ya murmusa don kada a ce bai ji wasan ba. Tartsatsi ya ce shi dai da ya tashi aure sai da ya bincika ya tabbatar surukinsa tela ne, mafi munin abin da zai iya nema a gyara masa shi ne almakashi.

Auta ce ta zo da shawara ta gaske. Ta ga tsohon ya fara rage cin abinci, ya daina fitowa shan iska da la'asar, ta san dalili. Ta sami mijinta yana wanke hannu bayan ya dawo, ta ce ta yi tunani: ya sa ƙotar, ya goge ƙarfen ya yi ƙyalli, amma kada ya wasa shi. Baba ya samu ya riƙe abinsa, ya jingine shi a ɗaki, in ma ya gwada ya ga ba ya ci, zai haƙura.

Ya daɗe yana cuɗa sabulu kafin ya amsa. Ya bayyana mata cewa dakusasshen gatari ba ya shiga itace, kuma ba ya tsayawa inda aka sauke shi. Zamewa yake yi, ya yi tsalle, ya nemi ƙwaurin mai riƙe da shi. Yawancin waɗanda ya gani da tabon gatari a ƙafa, marar kaifi ne ya yi musu. Ta ce to ya sa ƙotar sako-sako, yadda Baba zai ji tana motsi ya ji tsoro. Ya ce wannan kuma kan ne zai fice ya tashi sama, kuma ba ya zaɓen inda zai sauka.

"Wato kai dai babu tsaka-tsaki," ta ce.

"A wannan abin babu. Ko in yi shi gatari, ko in bar shi ƙarfe."

Ta ce to ya bar shi ƙarfe, ta ɗauke butar ta shige kicin.

Da ya bar shi ɗin, sai tsohon ya zo da kansa. Da hantsi ne, Mai ƙota yana sassaƙar ƙotar wani mai gidan burodi, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Tsohon ne tsaye, sanda a dama, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tafiyar da lafiyayye ke yi ba tare da ya lura ba, shi ya yi ta yana hutawa a gindin kowane turken lantarki. Tartsatsi ya kashe injinsa ya kawo kujera da sauri, yana cewa Baba ai da an aiko da an zo an ɗauke ku. Tsohon ya ce ba zama ya kawo shi ba.

Ya ɗaga sandarsa ya nuna saman rufi, ya ce a sauko masa da waɗancan. Mai ƙota ya taka benci ya sauko da su. Tsohon ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya buga ƙarshen kowanne a kan siminti yana saurare, ya duba yadda jijiyar itacen ta miƙe daga sama har ƙasa. Ya ware guda, ya tura shi da ƙafa gaban surukin nasa. Bai ce ya bushe ba. Ƙarar da itacen ya yi ta riga ta faɗa, kuma duk wanda ke wurin ya ji.

"Malam, ban zo in ba ka kunya ba," ya ce. "Na san kana tsakanin mutum biyu. In ba za ka yi ba, ba ni ƙarfena in kai bakin kasuwa. Ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Mai ƙota ya san masu sa ƙota na bakin kasuwa. Ɗanyen reshe suke cusawa, su buga ƙusoshi biyu a kai, su miƙa wa mutum yana tsaye. Tsohon ma ya san su, ya kuma san surukinsa ya sani.

"Ku tsaya in gwada ku, Baba," ya ce.

Ba a yanke ƙota sai an gwada mai ita. Akan kafa itacen a ƙasa kusa da ƙafarsa, a yi alama daidai ƙashin ƙugunsa, sannan a duba faɗin tafinsa don a san kaurin da za a bari. Mai ƙota ya durƙusa da fensir. Tun bayan ciwon tsohon ya karkace, kafaɗar hagu ta sauka, ƙugun ya yi ƙasa da inda yake a da. Da ya ji itacen ya taɓa ƙafarsa sai ya jingine sandar a jikin benci, ya ja numfashi, ya miƙe sak kamar yadda yake kafin ciwo, ƙafar hagu tana rawa a ƙarƙashinsa. Mai ƙota ya ga rawar, ya ga inda ƙugun ya kai, ya kuma san inda zai koma da zarar an sake numfashin. Ya yi alamar a sama.

Bayan tsohon ya koma gida, aikin bai ɗauke shi lokaci ba. Ya sassaƙe itacen, ya rage wuyan a hankali yana gwadawa a idon, yana cirewa ya kankare duk inda ƙarfen ya bar baƙi, har kan ya zauna daram. Ya tsaga saman ƙotar da zarto, ya buga weji, wato ɗan tsinin busasshen katako, a cikin tsagar har guduma ta fara dawowa, ya yanke abin da ya yi saura. Ya bi jikin ƙotar da fasasshiyar kwalba har ta yi sumul, ya shafe ta da mai. Sannan ya zauna da dutsen wasa da ruwa a gwangwani, ya bi bakin gatarin gefe da gefe har ya aske masa gashin hannu. Bai rage komai ba. A iya saninsa bai taɓa yin wanda ya fi wannan ba, kuma bai ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

A hanyar gida ya tsaya wurin mai sayar da itace. Akwai busassun guntaye masu miƙaƙƙiyar jijiya, waɗanda sara ɗaya ke raba su biyu. Ya wuce su. Ya zaɓi wani ɗanyen gungume, gajere mai kauri, wanda ƙulli ya murɗe shi a wurin da babban reshe ya taɓa fitowa. Mai itacen ya ce wannan ai ko masu gidan burodi sun ƙi shi. Ya ce ya sani, ya sa aka ɗora masa a baro. Irin wannan gungumen ba ya tsagewa, kuma ba ya mayar da gatari. Haɗiye shi yake yi ya riƙe. Yana tura baron yana gaya wa kansa cewa bai dakushe komai ba, bai sassauta komai ba, itace ne kawai ya saya. Bai gamsu ba, amma bai juya ba.

Auta tana tsakar gida da ya shigo. Ta dubi gatarin a kafaɗarsa, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta koma bakin kicin ta tsaya, ta harɗe hannuwa.

Tsohon ya fito. Ya karɓi gatarin, ya auna nauyinsa, ya ɗora babban yatsa a kan bakin ya ja shi a kaikaice, ya leƙa wejin. Ya ce an ƙyale wuyan da ɗan kauri, amma ba laifi. Sannan ya juya ga gungumen. Ya zagaya shi da sanda, ya tura shi da ƙafa bai motsa ba, ya sa farce ya ɓanɓari ɓawon ya ga danshi. Ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Kai ka zaɓo wannan?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya kaɗa kai. Ya miƙa wa surukinsa sandar, ya gyara tsayuwa, ya ɗauki hannun hagun da kansa ya naɗe yatsun a ƙarshen ƙotar, sannan ya sa na dama kusa da wuyan gatarin. Auta ta ce, "Baba," a hankali.

Ko ɗanyen gungume yana da gefen da mai faskare zai fara ɓalla, ya riƙa cin sa daga baki-baki har ya iso tsakiya. Wanda ya fara sana'ar jiya ma ya san ba a sara a kan ƙulli. Gatarin ya tashi da ƙyar, ya wuce kafaɗa, ya ɗan yi jinkiri a sama kamar zai koma baya, sannan ya sauko. Ya faɗa a tsakiyar ƙullin, ba sama ba ƙasa, da wata ƙara mai nauyi wadda ba ta yi amsa-kuwwa ba. Ƙarfen ya nutse har kusa da ido.

Tsohon ya tsaya riƙe da ƙotar yana haki. Ya ɗan girgiza ta sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Mai ƙota ya matso zai taimaka, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba a cire wa mai faskare gatarinsa daga itace, wanda ya sa shi ne yake cirewa. Ya karɓi sandarsa.

"A bar shi nan. In na huta zan fitar da shi."

Ya koma ɗaki da ƙafarsa. A ranar ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari. Auta ta kai masa, ta fito, ta wuce mijinta ba ta dube shi ba, amma da ta zo zuba nasa ta cika masa kwano fiye da yadda ta saba.

Gungumen ya zauna a tsakiyar gida da gatarin a kansa, ƙotar ta miƙe a karkace tana nuna sama. Aka saba da kewaye shi. Tsohon ya koma fitowa da la'asar, yakan sa kujera a bakin ɗakinsa ya zauna yana fuskantarsa. In baƙo ya tambaya, sai ya ce wani aiki ne ya fara bai gama ba.

Sai dai ɗanyen itace ba ya dawwama ɗanye. Rana tana dukan tsakar gidan tun daga hantsi har yamma, kuma Mai ƙota, wanda ya san abin da zai duba, ya fara ganin siraran tsagogi suna fitowa a saman gungumen, suna tafiya daga ɓawo zuwa inda ƙarfen yake. Wata rana da ya dawo daga shago ya tsuguna kamar mai gyara takalmi, ya duba da kyau. Bakin saran ya buɗe har ana iya zura tsinke a gefen ƙarfen. In aka ci gaba a haka, ba da daɗewa ba gungumen zai saki abin da ya riƙe, yadda ko mai hannu ɗaya zai zare shi. Ya rasa wanda zai gaya wa a cikin su biyun, ya kuma rasa ko faɗin ne daidai ko shirun.

Da ya ɗago sai ya ga tsohon yana kan kujerarsa, idonsa a kan tsagar, ba a kan surukin ba. Daga kicin ana jin ƙarar ludayi a jikin tukunya.

"Malam," in ji tsohon, "ranar nan za ta lalata maka ƙota. Ja shi cikin inuwa, can kusa da randa."

Rana tana busar da ƙota, wannan gaskiya ne. Kusa da randa kuma ƙasa ba ta rabuwa da laima, itacen da aka ajiye a wurin zai daɗe bai saki ba. Mai ƙota ya ce to, Baba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kama gungumen ta ƙasa don kada ya taɓa ƙotar, ya riƙa jan sa kaɗan-kaɗan a kan siminti har ya kai shi gindin bango.